ƊALIBINMU A ALƘAHIRA: RABIN KARATUN YANA WAJEN AJI

  

Ya 'yan'uwa masu karatu, babu shekarar da za ta wuce ba a raka wasu daga cikin 'ya'yanmu filin jirgin saman Kano ko na Abuja ko na Yamai ba, da niyyar tafiya neman ilimi a ƙasashen waje. Iyaye su sayar da gona ko shanu, dangi su yi karo-karo, a haɗa guzuri, a yi addu'a, jirgi ya tashi. Daga wannan rana kuma sai tambayarmu ta zama guda ɗaya tak: yaushe zai gama, kuma wace takarda zai zo da ita? Ba kasafai ake samun mai tambayar yadda yaron yake kwana yake tashi ba, ko da wa yake zama, ko me idonsa yake gani tsakanin ɗakin kwanansa da ajinsa.

Ra'ayinmu a nan shi ne rabin ilimin da ake tafiya nema yana cikin wannan rayuwa ta yau da kullum da muke wofintarwa, kuma ɗalibin da ya rufe idonsa daga gare ta ya yi asarar rabin dukiyar da aka kashe a kansa. Za mu ɗauki birnin Alƙahira na ƙasar Masar ya zama misali, domin yana cikin biranen da mutanenmu suka fi daɗewa suna zuwa karatu. Abin da za a faɗa a kansa kuwa zai iya amfanar mai zuwa Madina ko Maroko ko Maleshiya.

HANYAR BA SABUWA BA CE

Zuwan mutanen ƙasashenmu Masar don karatu ya girmi zuwan Bature da ɗaruruwan shekaru. Masallacin Azhar an fara gininsa a shekarar 970 miladiyya, aka buɗe shi a 972. Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, ya ambaci wata makarantar Malikawa da ake kira makarantar Ibn Rashiƙ, wadda mutanen Kanem suka ba da dukiyar gina ta a tsakiyar ƙarni na 13, suka kuma ci gaba da aiko mata da taimako. Daga baya a cikin Azhar ɗin kansa an keɓe wa ɗaliban Barno ruwaƙi, wato sashen masauki da karatu, mai ɗauke da sunansu. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuta wa Sarkin Katsina da Sarkin Agadas wasiƙar nasiha. Shi kuwa Malam Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsine masanin lissafi, a Alƙahira ya ƙare rayuwarsa a 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin sanannen marubucin tarihin nan Abdurrahman al-Jabarti.

Abu biyu ya kamata mai karatu ya lura da su a wannan tarihi. Na farko, magabata ba su tura ɗalibi su bar shi da Allah da halinsa ba, sai da suka tanadar masa masauki. Na biyu, waɗanda suka je ba su killace kansu ba. Baƙon da ya kai matsayin ya yi jinya ya rasu a gidan ɗaya daga cikin manyan malaman gari, lallai ya shiga cikin mutanen garin, ya san su sun san shi. Waɗannan abubuwa biyu su ne muka sassauta a kansu yau, alhali tafiyar da suke yi cikin watanni a kan raƙumi mu cikin sa'o'i kaɗan muke yin ta.

YADDA YININ ƊALIBI YAKE

Ɗalibin da ya yi sa'ar samun tallafin Azhar yakan sami gado da abinci a unguwar ɗaliban waje da ake kira Madinatul Bu'us, a yankin Abbasiyya, wadda aka buɗe a ƙarshen shekarun 1950. Wanda ya zo da kuɗin iyayensa kuwa haya zai nema, galibi a Madinatu Nasr ko a Darrasa kusa da masallacin Azhar. A nan zai fara cin karo da dillalin gida da la'adarsa, da kuɗin ajiya da mai gida yake karɓa, da mai gadin bene wanda suke kira bawwab, mutumin da babu mai shiga ko fita bai sani ba. Yaron da ya tashi a gida mai zaure da tsakar gida sai ya tsinci kansa a hawa na biyar, su huɗu ko shida, a birnin da mazaunansa da na kewayensa suka haura miliyan 20.

Sannan ga yanayi. Sanyin watan Janairu a can ya fi hunturunmu shiga ƙashi, dare yakan sauka ƙasa da ma'auni 10, magariba kuma tana yi tun misalin ƙarfe 5 na yamma a watan Disamba. Alwalar asuba a irin wannan lokaci jarrabawa ce mai zaman kanta. Ranar hutu Juma'a ce, ofisoshin gwamnati kuwa ranar Lahadi suke buɗe mako, ranar da ya saba gani ta hutu a gida.

A fagen abinci, ƙullin kuka da daddawa da yajin da mahaifiyarsa ta cusa masa a jaka ba za su wuce 'yan watanni ba. Dole ya koyi cin abincin gari: dafaffen wake da suke kira ful, da ƙosansu da suke kira ɗa'amiyya, da koshari, wato shinkafa da taliya da adas a kwano ɗaya. Zai lura cewa Bamasare ba ya kiran gurasa da sunanta na littafi, sai ya ce mata aish, ma'ana rayuwa, domin ita ce tuwonsa. Gwamnati ta riƙe farashin gurasar tallafi a kan ƙirshi 5 fiye da shekara 30, sai a watan Yunin 2024 ta mai da shi ƙirshi 20, kuma wannan rangwame na 'yan ƙasa ne masu katin tallafi, baƙo farashin kasuwa yake saye. Zai kuma yi mamakin ganin cewa mulukhiyya da suke alfahari da ita lalo ce, bamiya kuɓewa ce, karkade zoɓo ne, kuma har ruwan goruba da na tsamiya suna sha da azumi. Nan zai gane cewa tsakaninmu da su akwai zumunci har a cikin tukunya.

Babban darasin ɗakin girki kuwa shi ne ɗalibin da bai taɓa ɗora tukunya ba, domin an raine shi a kan cewa aikin mata ne, yanzu yana da ranar girkinsa da ranar wanke-wankensa. Zai yi gunaguni da farko. In Allah Ya sa yana da basira sai ya tuna abin da ya karanta cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kasance yana taya iyalinsa aikin gida, ya fahimci cewa ƙyamar da yake ji gadon al'ada ce kawai.

Akwai kuma wahalar takardu. Izinin zama, wanda suke kira iƙama, sabunta shi ake yi, kuma sai da takardar makaranta da hatimi a kan hatimi da dogon layi tun da sassafe. Kalmomi biyu da zai fara haddacewa a bakin taga su ne bukra, wato gobe, da ma'alesh, wato yi haƙuri. Sai batun kuɗi. A watan Maris na 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga kusan 31 zuwa kusan 50 a kan dala ɗaya, farashin kaya da na haya suka yi ta hawa. Ita ma naira, wadda a farkon 2023 take wajen 460 a kan dala a farashin gwamnati, ta haura 1,500 a cikin 2024. Ɗalibin yana tsakanin faɗuwa biyu, kuma sau da yawa kunya ba ta barinsa ya faɗa wa mahaifinsa cewa abin da ake aikowa bai kai ƙarshen wata ba.

HARSHEN LITTAFI DA HARSHEN TITI

Abin da ya fi girgiza sabon ɗalibi shi ne harshe. Ya baro gida ana kiransa gwanin nahawu, ya haddace Ajurrumiyya, wataƙila har da Alfiyya. Ranar farko da ya shiga motar haya sai ya ji kamar ba Larabci ake yi ba. Mutanen Alƙahira harafin jimun ga suke furta shi, ƙafun kuma su mai da shi hamza, raƙumi ya koma gamal, zuciya ta koma alb. In ya yi wa ɗan kwandasta magana da cikakken i'irabi, fasinjoji murmushi za su yi kamar sun ji mai huɗuba. Abin bai tsaya a titi ba, domin malamai da dama a cikin aji sukan karanta matani da Larabcin littafi, su yi sharhi da karin garinsu.

Ɗalibai sukan kasu biyu a nan. Wani ya yi fushi ya ce wannan gurɓataccen harshe ne, ba zai ɓata bakinsa da shi ba, sai ya shekara huɗu yana fahimtar rabin darasi, yana dogara da haddar littafin da aka wajabta domin jarrabawa. Wani kuma ya rungumi harshen titi har ya manta abin da ya kawo shi, ya dawo yana iya ciniki da barkwanci, ba ya iya rubuta shafi ɗaya babu kuskure. Duka biyun sun yi asara. Harshen titi mabuɗi ne na fahimtar malami da maƙwabci da likita, harshen littafi kuma shi ne dukiyar da aka zo ɗauka. Mai hankali yakan mallaki mabuɗin domin ya kai ga dukiyar. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira, wanda aka buɗe a 1987 kuma shi ne irinsa na farko a Afirka, aji ne na harshe ga mai buɗe kunne, haka nan kantin unguwa da shagon aski.

RABA ADDINI DA AL'ADA

Mafi tsadar abin da zaman waje yake bai wa ɗalibi, a ganinmu, shi ne ya koyi rabewa tsakanin abin da yake addini da abin da yake al'adar mutane. Wannan ilimi yana da wuyar samuwa ga wanda bai taɓa barin garinsu ba, domin a wurinsa duka biyun a kwano ɗaya aka zuba masa su.

A sahu ɗaya na masallacin Azhar zai tsaya tsakanin Bashafi'e daga Indonesiya da Bahanafe daga Turkiyya ko Asiya ta Tsakiya, ya ga 'yan bambance-bambancen da littafin fiƙihu ya ba shi labari suna motsi a gabansa, kuma babu wanda ya fasa bin limami saboda su. Gani ya kori ji. Zai iske mutanen Masar da ruwayar Hafs suke karatu, ita ce a Mus'hafin da aka buga a Alƙahira a 1924, ita ce kuma yake ji daga kantuna da motoci a muryar Husari da Minshawi da Abdulbasiɗ, ta gidan rediyon Alƙur'ani da aka buɗe a 1964. Sai ya ɗauka ruwayar Warsh da ya yi a allo baƙuwa ce a nan, har ranar da zai gano cewa shi Warsh ɗin, Usmanu ɗan Sa'idu, Bamasare ne da ya tafi Madina ya yi karatu wurin Nafi'u, ya dawo ya rasu a Masar a shekara ta 197 bayan hijira. Haka nan Halilu mai Mukhtasar Bamasare ne, malamai biyu da suka rubuta Tafsirin Jalalaini ma Masarawa ne. Ashe littattafan zauren garinsu daga wannan ƙasa da yake takawa da yawansu suka fito.

Zai kuma haɗu da Larabawan da ba Musulmi ba. Kiristocin Masar, wato Kibɗawa, miliyoyi ne, Larabci ne harshensu, suna cewa alhamdu lillahi da in sha Allahu kamar kowa, kuma ranar bikinsu ta 7 ga Janairu hutu ce a ƙasar. Yaron da ya tashi yana ganin duk takardar da aka rubuta da baƙin Larabci abar ɗagawa ce daga ƙasa, duk mai jin Larabci kuma malami ne, zai ga jaridar wasanni da tallan sabulu da waƙar banza duk da wannan harshe. A gefe guda zai ga masu zaman shan shisha har lokacin salla ya fita, ya ga cincirindo a wasu kaburbura ana aikata abubuwan da malaman Masar ɗin kansu sun daɗe suna jan kunne a kai. Darasin a fili yake: aikin Balarabe ba hujja ba ne, kamar yadda aikin Bahaushe ba hujja ba ne. Hujja tana ga Littafi da Sunna.

Wannan fahimta tana da asali a cikin mazhabar da muka gada. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a Masar a shekara ta 684 bayan hijira, ya yi bayani a littafinsa Alfuruƙ cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada yana sauyawa idan al'adar ta sauya, kuma bai kamata mai fatawa ya ɗora wa baƙo al'adar garinsa ba, sai ya tambaye shi ta garinsu. Ɗalibin da ya zauna cikin al'adu biyu da idonsa buɗe shi ya fi cancantar fahimtar wannan ƙa'ida. In ya dawo ba zai yaƙi babbar riga da hula don ya ga Larabawa da jallabiya ba, ba kuma zai kare wata mummunar ɗabi'a don kawai kakanni sun yi ta ba.

ABIN ƊAUKA DA ABIN HAƘURI

Cikin abubuwan da suka cancanci ɗalibi ya ɗauko akwai girmama littafi. Bajekolin littattafai na Alƙahira, wanda aka fara a 1969, ana yin sa kowace shekara wajen ƙarshen Janairu, kuma za ka ga magidanci ya zo da matarsa da 'ya'yansa suna fita da ɗaurin littattafai. A bayan masallacin Azhar akwai lunguna da babu abin da ake sayarwa sai littafi, a Azbakiyya kuma akwai kasuwar tsofaffin littattafai mai sauƙin kuɗi. A cikin masallacin kansa ana zaman karatu kyauta, inda ake bin littafi daga bango zuwa bango kamar yadda ake yi a zaurukanmu. Wanda ya shekara huɗu a wannan birni bai zauna gaban malami ko ɗaya ya sauke littafi ba, ya je bakin kogi ya dawo da ƙishirwa.

Akwai ciyarwar azumi, inda attajirai da 'yan unguwa suke shimfiɗa tebura a titi, duk wanda magariba ta riska ya zauna ya ci ba a tambaye shi daga ina yake ba. Akwai kuma batun ilimin mata. Dokar da ta sake tsara Azhar a 1961 ta shigo da fannonin likitanci da injiniyanci da aikin gona, aka kuma buɗe wa 'yan mata nasu kwalejoji daban. Sakamakon haka ɗalibinmu zai ga mace cikin suturarta likita ce, ko malamar jami'a, ko mai haɗa magani. Ya kamata wannan ya sa shi tunani a kan garinsu, inda ake kukan rashin likitoci mata a ɗakin haihuwa, ana kuma cire yarinya daga makaranta tun ba ta yi nisa ba.

Abin haƙuri ma yana nan, kuma ɓoye shi zalunci ne ga mai shirin tafiya. Baƙar fata yakan ji wasu yara ko jahilai suna jifansa da kalmomin raini saboda launinsa, wani direba ko ɗan kasuwa ya ninka masa kuɗi don ya ga baƙo ne. Wannan yana da ciwo, musamman ga wanda ya zo da zaton kowane Balarabe jikan sahabbai ne a hali. Sai dai kuskure ne ya yi wa al'umma guda hukunci da aikin wawayenta, alhali a cikinsu ne zai sami tsohuwar da take aiko masa da abinci ranar idi, da malamin da yake karantar da shi ba ya karɓar ko sisi. Abin da ya fi amfani shi ne ɗacin da ya ji ya zame masa madubi, ya tambayi kansa yadda mu ma muke kallon baƙo da ɗan wata ƙabila da ɗan ƙauye a garuruwanmu. Wanda ya ɗanɗani baƙunci bai kamata ya wulaƙanta baƙo ba har abada.

AMSA GA MASU TSORO

Za a sami uba ko malami da zai ce: ai mu tsoronmu ke nan, yaro ya shiga cikin mutane ya lalace, gara ya tsare kansa cikin 'yan'uwansa har ya gama. Wannan tsoro yana da dalili, domin babban birni ne, babu idon uba babu na unguwa, kuma an ga waɗanda suka tafi da natsuwa suka dawo da wani hali. Amma a duba da kyau. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma maɗaukin kanwar yana iya zama ɗan garinku da kuke ɗaki ɗaya. Yau wayar hannu ta sa ɗalibi yana iya zama gangar jikinsa tana Alƙahira, zuciyarsa tana Kano ko Damagaram: hira da Hausa, fim da Hausa, gardamar WhatsApp da Facebook da Hausa har asuba. Irin wannan bai tsira daga lalacewa ba, ya dai tsira daga koyon Larabci.

Karin maganar da ke cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura, ba mu yarda da ita a kan ɗalibin ilimi ba. Haka nan ba mu yarda ya kulle ƙofa don kada ya ga masu wutsiyar ba. Abin da yake tsare mutum shi ne ma'aunin da ya tafi da shi a ƙirjinsa da abokan da ya zaɓa. Aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta bayyana cewa hikimar rarraba mutane dangi-dangi ita ce su san juna, kuma sanin juna ba ya yiwuwa daga bayan ƙofa.

NAUYIN DA KE KANMU

Saboda haka muna kira ga iyaye da ƙungiyoyi da masu hali da su ɗauki waɗannan matakai.

Na ɗaya, kada a tura yaro sai an zaunar da shi gaban waɗanda suka je suka dawo, su faɗa masa gaskiyar sanyi da haya da takardu da harshe. Tun ran gini tun ran zane. A kuma tabbatar da cewa gurbin karatun na gaske ne kafin a ba wani dillali kuɗi.

Na biyu, a farfaɗo da sunnar mutanen Kanem. Wasu jihohin Maleshiya sun mallaki gidajen kwanan ɗalibansu a Alƙahira, ɗaliban Indonesiya kuma suna da ƙungiyoyi masu tsari da suke tarbar sabon zuwa. Attajirinmu da yake zuwa Umra kowace shekara zai iya sayen gida ɗaya ya yi waƙafinsa ga ɗalibai, ladan yana gudana bayan ransa.

Na uku, a lissafa guzuri da farashin yau, a kuma ware wani abu na ko-ta-kwana. Abin da ya sami ɗalibanmu a Sudan bayan ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023, inda da yawa suka kwana da kwanaki a kan iyakar Masar kafin a kwaso su, ya isa ya koya mana cewa fasfo mai rai da kwafin takardun makaranta da sanin ofishin jakadanci ba abin wasa ba ne.

Na huɗu, shi ɗalibin ya ɗaura wa kansa sharuɗɗa: ya sami abokin zama ko na muraja'a wanda ba ya jin Hausa, ya lazimci malami ɗaya a wajen aji, ya san sunan maƙwabcinsa da limamin unguwarsa, ya kuma riƙe ɗan littafin da zai riƙa rubuta abin da ya gani, yana raba shi gida uku: wannan addini ne, wannan al'ada ce mai kyau, wannan kuma abin bari ne.

Na biyar, idan uba ya kira ɗansa, bayan ya tambayi sakamakon jarrabawa, ya tambaye shi wane littafi ya sauke, wane aboki ya yi daga wata ƙasa, me ya gani da yake fatan a yi a garinsu. Yaro yakan kula da abin da ya san za a tambaye shi.

Al'ummarmu tana da masu takardu da dama. Abin da take ƙishirwa shi ne malamin da ya ga duniya, ƙirjinsa ya yalwata a inda shari'a ta yalwata, ya tsaya kyam a inda ta tsaya, ya san bambancin wuraren biyu. Irin wannan ba a ajin jarrabawa kaɗai ake gina shi ba, har da layin gurasa da sahun masallaci da haƙurin baƙunci. Magabata sun ce tafiya mabuɗin ilimi, to kada mu bari 'ya'yanmu su dawo mana da mabuɗin a aljihu ba su buɗe komai da shi ba.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya tsare ɗalibanmu a duk inda suke, Ya haɗa su da abokai nagari, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya saka wa iyayensu da alheri, Ya dawo mana da su lafiya. Amin.